Saƙar Leshi Da Hannu: Daga Ina Ɗan Koyo Zai Fara?

Mai yiwuwa ne wasu daga cikin masu karatu sun taɓa ganin hoton wata dattijuwa a birnin Buruj na ƙasar Beljiyam, ta ɗora matashi a gabanta, kwarkwaro fiye da ɗari suna reto a jikinsa, tana jujjuya su da sauri har ido ba ya iya bi. Wanda ya ga haka sai ya ɗauka wannan sana'a ta fi ƙarfin baƙo. To, ba haka ba ne. Komai yawan kwarkwaron nan, huɗu kawai masaƙiya take riƙewa a lokaci guda, kuma motsi iri biyu rak take yi da su.

Amma fa kada a haɗa wannan da leshin da matanmu ke saye don biki. Shi wancan yadi ne da inji ya yi wa ado, kuma tun shekarun 1960 ake shigo da irinsa daga garin Lustenau na Ostiriya. Wanda muke magana a kansa babu yadi a ƙarƙashinsa, zare ne zalla ake sarƙawa, kusan kamar yadda ake kitso.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar matashi mai tauri wanda aka cusa wa ciyawa ko soso mai ƙarfi, da fil masu yawa, da kwali da aka huhhuda bisa zanen da za a bi, da zaren auduga, sai kuma kwarkwaro na itace, kowanne kamar tsawon ɗan ƙaramin fensir. Kwarkwaro 24 sun ishi mai farawa. Bibbiyu ake naɗa musu zare, kuma wajibi ne a naɗa dukkansu ta fuska ɗaya, a ɗaure kowanne da zarge a wuya don kada ya warware.

Ga yadda motsin yake. A jera kwarkwaro huɗu, a ƙirga daga hagu. In aka ɗauki na biyu aka tsallakar da shi bisa na uku, an yi giciye ke nan. In kuwa aka ɗauki na biyu bisa na ɗaya, na huɗu bisa na uku a tare, an yi murɗi. Giciye da murɗi su ne ke ba da saƙa mai kama da raga. Giciye, murɗi, sannan giciye kuma, sai ta fito cike kamar ƙyalle. A ƙarshen kowane layi sai a kafa fil cikin hudar kwali, a ja zaren a hankali ya zauna. Jan zaren nan shi ne ainihin gwaninta, domin in ya yi sako-sako aikin ya kumbura, in ya yi tsanani zare ya tsinke.

A ganinmu babban abin da ke karya gwiwar 'yan koyo shi ne kwaɗayi. Mutum ya ga irin leshin Honiton na Ingila, wanda aka yi wa rigar auren Sarauniya Biktoriya ado da shi a 1840, sai ya ce da shi zai fara, alhali zarensa kamar gashi yake. Gara a fara da samfurin da ake kira Torshon, wanda zanensa murabba'i ne a karkace, a yi amfani da zare mai kauri, launi dabam-dabam, don a riƙa ganin inda kowane zare ya bi. Ɗan siririn abin sa alama a littafi ya isa aikin farko. Idan aka yi kuskure kuwa ba a yanka komai, sai a koma da baya a warware, tun da ba ƙulli a cikin saƙar.

Sana'ar ta bunƙasa a Turai ne cikin ƙarni na 16, har an buga littafin zane-zanenta a Zurik wajen 1561. Injin da John Heathcoat ya ƙera a Ingila a 1809, da waɗanda suka biyo bayansa, sun raba dubban mata da abincinsu. Makarantu da ƙungiyoyin masu sha'awa ne suka riƙe ta. A garin Idrija na Sulobeniya akwai makarantar da aka buɗe tun 1876, wadda har yanzu take koya wa yara, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sa saƙar leshin ƙasar cikin jerin al'adun da duniya ta gada.