A Jamus, "Dokta" Ba Abin Wasa Ba Ne

Duk ɗalibin da yake mafarkin karatu a Jamus, wata rana zai zauna ya rubuta wa wani farfesa wasiƙar neman gurbi. Mu da muka fara koyon Jamusanci a jami'a, tun a layin gaisuwa muka yi tuntuɓe.

Bajamushe ba ya kiran babba da sunan yanka. Namiji Herr ne, mace Frau, sai muƙami, sai sunan iyali: Herr Doktor Müller, Frau Professor Schmidt. A ƙofar ofis za ku iya ganin "Prof. Dr.", ko ma "Dr. Dr." idan mutum yana da digirin digirgir biyu. Ba kuskuren rubutu ba ne! Kalmar "kai" ma iri biyu ce: du ta abokai da 'yan uwa, Sie ta girmamawa. Babba ne yake ba da izinin a koma du, ƙarami sai ya jira.

Za ku ce ai mu ma muna da Malam, Alhaji da Injiniya. Haka ne, amma a can hukuma ta shiga maganar. Ana iya rubuta "Dr." a katin shaida da fasfo. Wanda kuwa ya laƙa wa kansa shi ba tare da ya samu ba, sashe na 132a na dokar manyan laifuka ya tanadar masa tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 1. Digirin girmamawa dole a nuna shi da "Dr. h.c.", don kada a rikita shi da na wanda ya sha wuyar bincike. Wannan kam ya burge mu.

Ko minista bai tsira ba. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg, bayan an gano ya kwafi rubutun wasu a kundinsa bai ambace su ba. Cikin 'yan kwanaki ya ajiye aiki. A 2013 haka ta faru da Annette Schavan, kuma ita ce ministar ilimi a lokacin.

Matasan Jamus sun fara sassautawa, a kamfanoni da yawa du ake yi. Amma wasiƙar farko zuwa ga farfesa tana nan yadda take: "Sehr geehrte Frau Professor Schmidt". Ku duba shafin jami'ar tukuna, domin suna kamar Kai ko Kim ba ya nuna mace ce ko namiji.