Rariyar Ziyolait: Fasahar da Ke Rage Tsadar Tace Etanol

Babbar matsalar masana'antun da ke samar da sinadarin etanol ita ce raba shi da ruwa. Idan aka bi hanyar tafasawa da tara tururi, tacewar ba ta wuce kimanin kashi 96 cikin ɗari. Fitar da ragowar ruwan kuwa yana cin makamashi mai yawa, alhali etanol ɗin da za a gauraya da fetur sai ya zama kusan babu ruwa a cikinsa.

A nan ne ziyolait ke da amfani. Ma'adini ne mai ƙunshe da silika da alumina, wanda masanin ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya raɗa wa suna a 1756. Jikinsa cike yake da ƙofofi ƙanana masu girma ɗaya. A nau'in da ake kira "A", ƙofofin suna jawo ƙwayoyin ruwa su wuce, su bar yawancin na etanol a baya, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki.

Sai dai siririn ziyolait ba ya tsayawa da kansa, don haka ake gina shi a bayan bututun tangaran mai tsatstsafo. Da farko ana goga wa bututun garin ziyolait a matsayin iri. Daga nan a tsoma shi cikin ruwan sinadarai mai zafin kimanin digiri 100 na wasu sa'o'i, har ƙwayoyin su girma su haɗe, su zama shimfiɗar da ba ta kai kaurin gashin kai ba.

Ribar duka tana ga ingancin wannan shimfiɗa. In ta yi kauri, ruwa ba zai wuce da sauri ba. In ta tsage ko ta huje, etanol zai bi ta nan, a yi asarar bututun.

Kamfanin Mitsui na Japan ne ya fara kafa babbar matata mai irin waɗannan bututu a 1999.

A Nijeriya, masu bincike sun samar da ziyolait daga farin yumɓun Ƙanƙara a Jihar Katsina da na Ahoko a Jihar Kogi. Ga masu shirin zuba jari a etanol na rogo ko rake, kuɗin fitar da ruwa na cikin abin da zai raba riba da faɗuwa.