Bakin Tauraro da Karatun Nesa

Ƙagaggen labarin Hausa na boko tun asali da tazara tsakanin marubuci da mai gyara ya soma. A shekarar 1933 Rupert East ya shirya gasa daga Zariya. Abubakar Imam, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya aika da Ruwan Bagaja. Ashe ke nan mai koyo a Abala, arewa da Filinge, yana iya samun ƙa'idojin jigo da zubi da salo ta wasiƙa ko ta wayar hannu.

Sai dai tauraron labari ba ya rayuwa sai da bakinsa. Inda Bakano zai ce fari da fita, mutumin Kurfai cewa yake hwari da hita. In malamin nesa ya mai da waɗannan daidaitacciyar Hausa, to ya raba tauraron da ƙasarsa. Abin da ya kamata shi ne bayanin marubuci ya bi daidaitacciyar Hausa, zancen taurari kuwa ya bi karin harshen garinsu. Wannan fanni a kasuwa da bakin rijiya ake koyonsa, da kunne.