Kwamfuta A Makaranta: Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu?

'Yan'uwana matan Haɗeja, akwai wata gardama da maza su ke ta yi a kan 'ya'yanmu, mu kuwa mun yi shiru. Waɗansu sun ce makarantar da ba kwamfuta ta zama ta jiya, waɗansu sun ce ɓarnar kuɗi ce kurum.

Abin ba yau aka fara ba. A 1964 Nijar ta gwada koyar da yara ta talabijin. A 2007 kuma aka raba wa yaran wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci, kowa da tasa. Ana cikin murna sai Ministan Ilmi na lokacin ya ce ina amfaninsu ga yaron da ba shi da ko abin zama? Ƙasar Peru, can Amurka ta Kudu, ta sayi irinsu fiye da 800,000. Da aka bincika a 2012, sai aka tarar yara sun gwanance da latse-latse, amma lissafi da karatu suna nan jiya i yau.

Mu ai ba sai an fassara mana tambayar Ministan ba. A ambaliyar 2022 ruwa ya ci ƙauyuka daga Auyo har Guri, ya shiga waɗansu makarantu, waɗansu kuma suka zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Ajin da rufinsa ke yoyo, lantarki kuwa sai ya ga dama, a ina za a kafa na'ura?

To, amma kada uwargida ta ce shi ke nan, a bar kwamfuta. Tun 2015 da ita a ke rubuta jarrabawar shiga jami'a, watau JAMB. Yarinya ta iya karatunta sarai, amma in ran nan ne ta fara taɓa madannai, tsoro kaɗai ya isa ya kā da ita. Ba a fafe gora ran tafiya.

Saboda haka in an aiko a biya kuɗin kwamfuta, ki sa maigida ya je, ko ki yafa mayafi ki je da kanki. Ki tambayi hedimasta guda nawa ke aiki, wa ke koyarwa, kuma sau nawa a mako 'yarki ke zama gabanta ta taɓa da hannunta. Ke kuwa 'yar makaranta, in an shiga ɗakin, kada kunya ta sa ki tsaya a baya, maza su cinye kujerun.