Kullen da Ke Buɗe Kansa

A wani masaukin baƙi da ke Markaziyya a Madina, kwamfutar rajista ta fara raba gado ɗaya ga mutum biyu. Ba kullum ba, sai ana tsakiyar cunkoson Umrar azumi. Wata rana ma rumbun bayanan ya ƙi buɗuwa sam, wai ya lalace.

"Injiniya, anya ba yaran kanta ne ke mana wasa da hankali ba?" in ji manajan da ya kira ni in duba.

Ba su ba ne. Manhajoji biyu ne ke rubutu cikin fayil ɗaya na SQLite, ta karɓar baƙi da ta lissafin kuɗi. A ƙa'ida, wadda za ta rubuta takan kulle fayil ɗin, ɗayar ta jira.

Zargin farko ya faɗa kan mazaunin fayil ɗin: yana wata kwamfuta a bene, ana isa gare shi ta sshfs. Zargin yana da tushe. Wannan hanya a kan FUSE take, kuma idan tsarin FUSE bai ɗauki nauyin kulle da kansa ba, Linux takan riƙe kullen a na'ura guda, sauran ba su da labari. Muka tattaro komai kan kwamfuta ɗaya. Abin ya lafa, sannan ya dawo.

Daga nan na zuba wa /proc/locks ido, inda Linux ke jera duk kullen da ke riƙe. Sai ga layin manhajar karɓar baƙi ya ɓace alhali tana tsaka da rubutu. Ba ta nemi a buɗe ba. To wa ya buɗe?

Da strace na kama shi. Duk bayan rabin awa wani sashe na manhajar kan buɗe fayil ɗin da kansa, ya kwafe shi don ajiya, ya rufe. Wannan rufewar ce ɓarauniyar. A dokar POSIX, wadda aka fara fitarwa a 1988, kullen fcntl, irin wanda SQLite ke amfani da shi, na manhajar ne dungurungum, don haka da ta rufe ko da ɗaya daga cikin ƙofofin da ta buɗe fayil ɗin da su, duk kullenta a kansa ya zube. Tamkar ka sa wa shago kwaɗo ne, yaronka ya tura taga, kwaɗon ya faɗi ƙasa. SQLite, wadda D. Richard Hipp ya fara a 2000, tana kiyaye nata ƙofofin, amma ba ta ganin wadda wani ya buɗe a bayan idonta.

Ni dai ban ga laifin wanda ya rubuta sashen ajiyar ba, dokar ce marar kan gado. A 2014 Jeff Layton ya shigar da wani sabon kulle cikin Linux 3.15 mai bin ƙofar da aka ɗaura shi, amma tsohon yana nan yadda yake, saboda tarin manhajojin da aka gina a kansa.

Muka cire kwafin hannu, muka sa SQLite ta riƙa yin ajiyar da kanta ta umarnin VACUUM INTO, wanda ya shigo a 2019.