Gaskiya ko Jita-jita: Gurgun Ɗan Kwikwiyon da Aka Tsinta a Gindin Ganuwa

Da daminar bara autanmu ya shigo gida rungume da kwalin taliya, rigarsa duk laka. A cikin kwalin ɗan kwikwiyo ne ja, ruwa biyu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ƙafarsa ta baya tana reto kamar tsumma. A-daidaita-sahu ce ta take shi a gindin ganuwa, wajen Ƙofar Na'isa. Kafin a kira la'asar rabin lungunmu sun cika soro, kowa da fatawarsa. Yara suka raɗa masa suna Tsintau. Ni kuwa abin da na tsinta a ranar shi ne tarin maganganun da muke yi a kan kare, waɗanda ba mu taɓa zama mun auna su ba.

Kakarmu Hajiya ce ta fara, daga bakin ɗakinta: "Kai Auta, fitar min da najasar nan! Gidan da ake salla?"

A nan Hajiya ta ɗan zarce. A mazhabar Malikiyya, wadda malamanmu ke karantarwa a zaurukan birnin nan, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare, har da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki a ciki yana nan daram, amma Malikawa sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don najasa ba. Shafi'awa ne suka tsananta a kan najasar. Inda take da gaskiya shi ne batun ajiyewa: hadisi ya yi sassauci ne ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma suka haɗa da na gadi. Har ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da almajirai ke haddacewa, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Shayar da kare mai ƙishi kuwa, babu ɗan Islamiyyar da bai san ladan da aka faɗa a kansa ba. Da wannan aka raba gardama: Tsintau ba zai kwana a tsakar gida ba, zai koma kangon da Kawu yake turke raguna.

Sai wani maƙwabcinmu, tsohon ɗan farauta, ya ɗaga ƙafar ya duba, ya girgiza kai. "Malam, wannan ya gama yawo. Kare da ƙafa uku ai wahala ce kawai."

Jita-jita ce. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a ƙafafun gaba, saboda haka rashin ta baya ya fi zuwa masa da sauƙi, musamman idan ƙarami ne marar jiki. Likitan dabbobin da muka je wurinsa ya ce ƙashin ya dagargaje, ya yanke ƙafar. Ba a yi sati uku ba Tsintau yana bin kaji da wani irin tsalle mai ban dariya. Abin da ke karya irinsa ƙiba ce, don sauran ƙafafun ukun su ke biyan bashin duk lomar da ta wuce kima. Haka makahon kare: muddin ba a riƙa canza masa wurin kwano da makwanci ba, hancinsa da kunnensa sun ishe shi zagaya gida.

Wani kuma ya ce ai karen Hausa ba ya ciwo, sai na Turawa. Da ɗan ƙamshin gaskiya, domin wasu cututtukan gado, irin gocewar ƙugu da ke damun Alsheshan, sun fi yawa a karnukan da aka daɗe ana haɗa su da danginsu, kuma namu sun fi jure zafin bazara. Amma kaska da ƙuma da tsutsar ciki ba sa tambayar asali. A kunnen Tsintau kaɗai sai da muka cire kaska cike da murfin kwalba.

Maganar da ta fi tayar min da hankali ita ce wadda kowa ya faɗa yana murmushi. Wajen ɗauko shi daga kwata, ɗan kwikwiyon ya ɗan kafta wa Auta haƙori a yatsa. Aka ce ba komai, ɗan ƙarami ne, kuma ai ba mahaukaci ba ne. Wata dattijuwa ta ce a yanki gashinsa a ƙona a barbaɗa a wurin. Na taɓa jin masu cewa a gasa hantar karen a ba wanda aka ciza.

Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke magani. Abin da ya sa ake ganin kamar suna yi shi ne yawancin karnukan da ke cizo ba su da cutar tun farko, sai gashi ya karɓi yabon da bai yi aikinsa ba. Wanda kuwa ya gamu da mai cutar, ba ya dawowa ya ba da labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, sa'annin Auta. Ƙwayar cutar tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci sati guda, wani lokaci shekara. Ciwon yatsa ya warke, an manta. Ranar da mutum ya fara razana da ruwa, kusan babu mai tashi.

Kuma ba kowane kare mai cutar ne ke hargowa da kai cizo ba. Akwai nau'in da ke zuwa da shanyewar jiki: kare ya yi laushi, ƙafafun baya su mutu, haɓa ta saki, yawu yana dalala. Mai tausayi sai ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a bakinsa. Duk mai ɗauko gurgun kare daga titi ya riƙe wannan. A Tsintau mun ga jini, mun ga karaya, akwai waɗanda suka ga hatsarin. Karen da ke jan ƙugu ba tare da rauni ba, ba a ɗaukarsa da hannu tsirara. Ƙanƙantar ɗan kwikwiyo ma ba ta wanke shi.

Abin yi ba shi da tsada a matakin farko: sabulu da ruwa mai gudu, a yi ta wankewa minti 15 cur, sannan a nufi asibiti a ranar don allurar rigakafi, ba sai an jira alama ba. Da buta uku muka wanke yatsan Auta a bakin rariya, yana ta mita. Karen kuma a killace shi kwana 10. Idan ya wuce su lafiya ƙalau, bai ɗauke da cutar a yawunsa ranar cizon ba. Al'adarmu ta yara su bi kare da jifa har ya mutu, a jefa shi kududdufi, tana ɓatar da wannan shaidar. Ko an kashe shi, kansa ake buƙata, don a ƙwaƙwalwa ake gwadawa, irin aikin da ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ta faro a Zariya kafin ta koma Vom a 1924. Allurar mutane ta samo asali ne tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ita a Faransa, kuma ranar mutuwarsa, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya. Masana sun ce da za a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar za ta daina yawo a cikinsu. Daga wata uku ake fara yi wa ɗan kwikwiyo, a riƙa sabuntawa.

Saura batun ciki. "Kare ai komai yake ci." Yana ci, amma ba komai ke barinsa lafiya ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji, goro da cakulan kuwa suna ɗauke da sinadarin da jikinsa ba ya iya fitarwa da wuri. Sai da na roƙi Kawu ya daina tofa masa tukar goro don wasa.

Yanzu Tsintau yana kango, a inuwar darbejiya, kusa da kwamin raguna. Gab da Babbar Salla haushinsa ya tashi Kawu sau biyu cikin dare. Hajiya har yau ba ta yarda ya taka mata tabarma, amma ita ke ware ƙanzon tuwo a kwanon sha tana ba Auta ya kai masa, kuma katin allurarsa yana cikin gwangwanin da take ajiye takardun gida.