Tururin fetur ma rariya yake bi

Duk matar da ta gama wanke-wanke ta kifar da ruwan a tsakar gida ta san ba nan zai tsaya ba. Zai nemi gangare, ya zagaye turmi, ya bi gindin katanga har ya sami rariya ya fice. In ya tarar da kwari a ƙofar maƙwabci, can zai kwanta. A gidanka aka zubar, amma takalmin wani ne zai jiƙe.

Haka tururin fetur yake tafiya, sai dai shi ido ba ya ganinsa. Yawancinmu mun ɗauka ruwan man ne ke kamawa, shi ya sa muke auna haɗari da tazarar da ke tsakanin jarka da murhu. Alhali tururin da ke tashi daga man shi ne abincin wuta. Fetur na fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin bazarar Kano ko Maraɗi. Tururin kuma ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya yin sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya shige ta ƙarƙashin ƙofa, ya taru a kwata, a rami, a lungun ɗaki. Kashi 2 cikin 100 na iskar wuri in ya zama tururin fetur, ya isa. Da ya taɓa garwashi, ko tartsatsin janareta, wutar za ta biyo sawunsa da gudu har bakin jarkar da ya fito.

Nan ne ya bambanta da ruwan wanke-wanke, domin shi ruwa in ya fita ya fita ke nan, ba ya jawo maka komai gida.

A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa. Man ya malale cikin kwata, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa. Fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, inda aka kunna janareta don juye man tankar da ta faɗi zuwa wata, sama da mutum 80 suka tafi. Yamai ma ta ga irin wannan a watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin sama. Ba na cikin masu zagin mamatan da kwaɗayi. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, galan guda ya zama kuɗin cefanen gida, kuma mai yunwa ba ya jin kira. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda ba su ɗebi ko ɗigo ba: 'yan kallo da masu zuwa ceto, da suka tsaya inda suke ganin nesa ne, ashe tururin ya riga ya kewaye ƙafafunsu.

Ba sai an je bakin titi ba. Ɗan bumburutu na ajiye jarkoki a zaure, mai shayi na hura wuta a ƙofar. Maigida na zuba wa janareta mai yana aiki, don kada a rasa ƙarshen wasan ƙwallo. Kananzir da dizal sun fi haƙuri, kananzir sai zafinsa ya kai wajen digiri 38, dizal kuma sama da 50, kafin su ba da tururi mai kamawa, amma kananzir da aka gauraya da fetur ya sha fasa risho da fitila a hannun mata.

Gas ɗin girki shi ma ya fi iska nauyi. Asalinsa ba shi da wari. Da gangan ake sa masa wannan ɗoyin domin hanci ya yi aikin da ido ya kasa. Uwargida, in kin shiga kicin kin ji shi, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki ko don kashewa ne. Ki rufe kan tukunyar, ki buɗe ƙofa, domin taga ta sama ba ta kwashe abin da ke kwance a ƙasa, sannan ki fitar da yara.

Malam direba, ɗan acaɓa, mai tafiya a ƙafa: in ka ga tanka ta faɗi, kada ka tsaya a gangare ko gefen kwata. Ka hau tudu, ta ɓangaren da iska ke fitowa, ka yi ta tafiya har hancinka ya daina jin warin mai, ka kuma ja duk yaron da hannunka ya kai gare shi.